Maƙalar mujalla a cikin kundin digirin digirgir: inda ɗalibai suka fi tuntuɓe

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗalibi ya ce "ai ni na rubuta, tawa ce." Ranar da mujalla ta karɓi maƙalarka, akwai takardar da ka sa wa hannu, sau da yawa ta intanet, ba tare da ka karanta ba. A mujallun da ake biyan kuɗi kafin a karanta, takardar nan takan miƙa haƙƙin mallaka ga kamfanin ɗab'i. Sunanka na kan maƙalar, amma ikon yaɗa ta ya koma hannunsu. Ka nemo takardar a imel ɗinka kafin ka kai kundi wurin masu ɗauri, ka duba sashen abin da aka bar wa marubuci.

Galibi ba a hana. Kamfanin ɗab'i na Elsevier ya yarda marubuci ya sa maƙalarsa a kundi muddin ba don kasuwanci ba ne, tare da lambar DOI, wato lambar shaidar maƙalar a intanet. Kamfanin Springer Nature ma haka.

Inda ake cin karo shi ne wane kwafi za a sa. Maƙala ɗaya tana da fuska uku: wadda ka aika tun farko, wadda aka karɓa bayan gyaran masu tantancewa, da wadda kamfani ya tsara da tambarinsa da lambobin shafi. Ɗalibai sun fi son ta ukun don ta fi kyau a ido, alhali ita aka fi tsaurarawa a kanta. IEEE, ƙungiyar injiniyoyin lantarki da ke buga mujallu, alal misali, wadda aka karɓa take yarda a ɗora a intanet, da bayanin haƙƙin mallakarta a jiki. Saboda haka kada ka goge fayil ɗin Word na ƙarshe. Mutane da yawa sai an zo haɗa kundi suke tarar ya tafi da tsohuwar kwamfuta.

Kundin da ke kan kantar littattafai a Laburaren Abdullahi Fodiyo na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo daban, wanda aka ɗora a intanet kowa ya sauke daban. Wasu mujallu sukan gindaya wa'adi, wata 6 zuwa 24, kafin a saki maƙala kyauta. Idan taka na ciki, rubuta wa makarantar karatun gaba da digiri ta hannun malamin da ke duba aikinka, ka nemi a jinkirta ɗorawa, ko a cire babin a bar taƙaitawa da DOI. Haka ma idan akwai babin da ba ka riga ka aika wa mujalla ba: tambayi edita ko suna ɗaukar kundin da ke intanet a matsayin abin da aka riga aka buga.

Maƙalar da ta fito da lasisin CC BY, wanda ya ba kowa damar sake amfani da ita muddin an ambaci marubucin, ba ta da wannan wahala, ambaton inda aka buga ta ya isa.

Sai taswira ko jadawalin wani da ka aro. Izinin da aka ba ka na mujalla ne, ba lallai ya shafi kundi ba, don haka sake nema. Abokan rubutu kuma, karɓi amincewar kowannensu a rubuce, ka bayyana a farkon babin wane ya yi me, domin mai jarrabawa daga waje zai iya tambayarka wannan a ranar kare kundi.