Kurakuran da ke cinye mana kuɗi a kasuwa

Wanda ya fi kama mutane shi ne taya abin da ba shi ya kawo su ba. Ka shiga kasuwar Kantin Kwari ta Kano neman shadda yadi biyar, yaron shago ya riƙo hannunka, ya warware wata atamfa yana kaɗa ta a haske: "Alhaji, ta Hajiya ce wannan. Taya kawai, ai tayi ba saye ba ne." Ka yanka farashi da wasa kana jiran ya ce albarka, sai ka ji "na sallama". To daga nan kunya ce za ta biya kuɗin. In ba ka yi niyya ba, kada bakinka ya ambaci ko sisi. "Allah ya kawo kasuwa" ta wadatar, ka yi gaba.

Sai tiransfa. Tun ƙarancin takardun naira a farkon 2023, har mai kayan miya a Yankaba za ka ga ya rataye lambar asusu a jikin kwali. Da can in aljihu ya ƙare cefane ya ƙare. Yanzu kuwa ba ka ganin fitar kuɗin, sai dare kana duba saƙon banki kana salati. Rubuta abin da za ka saya tun daga gida, ka tsaya wurin mai POS ka ciri daidai kuɗinsa, waya ta koma aljihu. Ɗan cajin da zai karɓa bai kai asarar da ya tare maka ba.

Akwai kuma "gara in saya kafin ya tashi". Ga shinkafa ko man girki a kasuwar Singer, wannan dabara ce. Amma wayar da ka hango a Farm Centre alhali taka lafiyarta ƙalau, son zuciya ne ya sa rigar lissafi.

Mata kuma status ɗin WhatsApp ne tarkonsu, ko da yake mu maza ba mu tsira ba. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare a sa hoton mayafi, a rubuta "saura biyu". 'Yar'uwa, bar shi ya kwana. In gari ya waye kina iya faɗin ranar da za ki sa shi da kayan da zai hau, saya. Anko ma haka: in a wata guda biki uku suka haɗu, zaɓi na wadda ta fi kusa, sauran ki je da na cikin akwatinki.