Yadda muke haɗa gayyar yasar kwata a layinmu kafin damina

Shekara shida ke nan littafin ƙungiyar layinmu yana hannuna a nan Kano, kuma babu aikin da ya koya mini hankali kamar yasar kwata. Gayyar farko mun fito mu kusan talatin, muka yashe ta tas, muka jibge dagwalon a bakin hanya, muka watse ana ta yi mana sambarka. Bayan kwana huɗu aka sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya mayar da komai inda muka ciro shi, ragowar kuma ya kai zauren wani bawan Allah da ke gangare. Tun daga ranar ba na yarda a sa ranar gayya sai na san wanda zai kwashe abin da aka yaso.

Ku ma daga nan za ku fara. Mako biyu kafin ranar, ku rubuta wa hukumar kwashe shara ta jiha, REMASAB, takarda, mai unguwa ya sa hannu, mutum biyu su kai da ƙafarsu. Amma motocinsu wuraren zuwa sun yi musu yawa a ranar tsafta, don haka ku ware kuɗin tifa ɗaya a gefe. In layinku lungu ne da mota ba ta shiga, ku yi magana da masu kura su riƙa fitar da shi bakin titi. Dagwalon ya tsane zuwa la'asar, a kwashe a ranar ko washegari. Kada ya kwana biyu. Wani abu da mutane ba sa lura da shi: in kun tsince leda gefe guda, manoman bayan gari suna son ƙasar nan don taki, har wani ya taɓa turo mana mota da kansa.

Lokacin da ya dace shi ne Afrilu zuwa farkon Mayu, kafin ruwa ya sauka. Wanda ya bari sai Agusta, lokacin da marka ta kankama, ba yasa zai yi ba, ceton gida zai yi. Mu Asabar ɗin ƙarshen wata muke ɗauka, ranar tsaftar muhalli, domin daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe babu zirga-zirgar ababen hawa, shaguna a rufe, magidanta duk suna gida. Ba mai cewa zai tafi kasuwa. Tifar haya kuwa a ce mata ta zo bayan goma.

Kafin kowa ya ji, mai unguwa ya fara ji. Ku je da dattijo ɗaya ko biyu, kada ku je ku matasa zalla, kuma ku je da sigar neman shawara. Daga nan liman ya sanar bayan sallar asuba da isha'i, kwana uku a jere. Saƙon WhatsApp yana da amfani, sai dai ni na ga masu turo hoton babban yatsa su ne ba sa fitowa.

Cikin gida fa? Nan ne muka daɗe muna kuskure. Mata ne ke wanki da wanke-wanke, su ne ke ba yara shara su zubar, amma ba mu taɓa sanar da su komai ba. Yanzu malamar Islamiyyarmu ce ke bi gida-gida da roƙo biyu: a dakata da wanki a safiyar gayya har azahar, don kada ana yasa ruwan kumfa yana kwararowa, sannan a daina ba yaro bokitin shara ba tare da an faɗa masa inda zai kai ba. Samarin majalisa kuma kada ku ba su umarni. Ku yanka musu yankinsu, daga wannan turken lantarki zuwa wancan, ku ce nasu ne. Gasa za ta yi muku sauran aikin.

Kuɗi, gida-gida muke karɓa, ba kai-kai ba, masu shago su ɗan ƙara. Gidan marayu da na wanda muka san halin da yake ciki, ma'aji ya tsallake shiru, ba sai an ambata a taro ba. Gidan haya kuwa ku tsayar da magana tun wuri, mai gida ne zai biya ko 'yan haya, in ba haka ba kowa zai tura ku wajen ɗan'uwansa.

Kayan aiki ba sai an saya duka ba. Shebur, diga da baro ana samun aro wajen magina da masu gidan bulo. Manjagara, safar hannu da buhuna ne muke saye. Duk abin da aka aro a ɗiga masa fenti, don shebur ƙafa gare shi.

Ranar aiki, ku faro daga gangare, inda kwatarku ta haɗu da babba, ku yi sama. In kun faro daga sama, ruwan da kuka buɗe wa hanya zai taru a kan masu aiki a ƙasa. Kwalbati shi ne uwar matsala, nan ledar fiyawata da robobin lemo da tsummokara suke cunkushewa. A zura dogon rodi mai lanƙwasa ko gora a jawo. Kada ku kuskura ku tura yaro ciki don ya fi ƙanƙanta. Kuma ba mai shiga kwata da silifas: akwai fasasshiyar kwalba, ƙusa, har da allurar asibiti. Wanda ya yanke a wanke masa da sabulu da ruwa mai tsafta, a kai shi a yi masa allurar tetanus a ranar. Tsofaffi a shimfiɗa musu tabarma a inuwa. Zamansu kawai yana hana gardama, musamman in an zo kan wanda ya ɗora dakali ya toshe hanyar ruwa. Irin wannan ba da shebur a hannu ake maganarsa ba, a bar wa mai unguwa bayan an watse.

Koko da ƙosai su iso wajen ƙarfe tara, ba da farko ba. Mun gwada rabawa tun bakwai, rabin mutanen suka ci suka sulale.

A daren ranar, bayan isha'i, nakan tsaya a ƙofar masallaci in karanta abin da aka tara da abin da aka kashe, har kuɗin sikarin koko, sannan in manna takardar a bango. Bara wani dattijo ya tare ni ya ce, "Malam sakatare, naira ɗari biyu ba ta fito ba." Muka sake lissafi a tsaye da fitilar waya, ashe kuɗin sabulu na manta ban rubuta ba. Na gyara, ya sa hannu a ƙasa, muka tsayar da Asabar ɗin ƙarshen Yuli don zagaye na biyu.