Kafin ki kashe kuɗin gwajin borin jini

'Yan uwa mata, in yaronki na yawan yin borin jini bayan cin abinci, ki nemi ƙaramin littafi. Rubuta abin da ya ci, da ƙarfe nawa, da lokacin da ƙaiƙayi ya fara. Ki ɗauki hoton fatar da wayarki, don sau tari kafin layi ya zo kanki a asibiti borin ya ɓace.

Irin wannan bori yakan taso cikin mintoci zuwa awa 2 bayan cin abu, shi ya sa rubutun ke saurin tona mai laifi. Likita zai san abin da zai gwada, ba a yi ta gwaji barkatai ana zubar da kuɗi ba.

Amma kar ki rubuta "tsire" kawai. Akwai ƙuli-ƙuli a jikinsa da yajinsa. Kilishi ma da gyaɗa ake haɗa labunsa, ga dakuwa, ga miyar taushe. Gyaɗa akwai iya ɓuya!

In leɓe ko harshe ya kumbura, ko numfashi ya sarƙe, ajiye littafin ki ruga asibiti. Allurar adrenaline ake buƙata, Piriton ba ya tsayar da wannan. Kuma kar ki sake ba shi abin da kike zargi a gida wai don ki tabbatar.