Yadda ake tsara unguwar da ke gina ƙasar nomanta, irin na mutanen Maya

Biranen Maya, a ƙasashen da yau ake kira Beliz da Gwatemala da kudancin Meziko, ba su raba gida da gona ba. A Karakol, wani tsohon birnin Maya a Beliz, binciken da aka yi daga sama da na'urar lesa a 2009 ya nuna gangaren tuddan garin cike da matakalan duwatsu na noma, gidaje a tsakaninsu. A Marko Gonzalez kuma, wani tsohon mazaunin Maya a kan wani tsibiri a Beliz, baƙar ƙasa mai albarka ta taru ne daga toka, gawayi, ƙashin kifi da fasassun tukwane da mazauna suka zubar.

Ga yadda za a kwaikwaye su. Da farko a ware fili tun a kan taswira. Kowane rukunin gidaje ya samu lambu da wurin haɗa taki kafin a yanka filaye. In aka bari sai an gina, shago ne zai cinye wurin.

Na biyu, a raba shara gida biyu tun daga gida. Ɓawon kayan miya, ganye, toka da ƙashi gefe guda; leda, batir da gwangwanin fenti gefe guda. Nan ne aikin ke lalacewa. Sharar mutanen Maya galibi mai ruɓewa ce, tamu kuwa batir ɗaya kan zuba guba a takin da za a shuka alayyafo. Manoman kewayen Kano da suka daɗe suna kwasar juji zuwa gona sun san wahalar tsince leda.

Na uku, a haɗa takin. A shimfiɗa busasshen ganye ko kara mai kaurin santimita 15, a bi da ɗanyen shara da kashin dabbobi santimita 10, a barbaɗa toka kaɗan, a maimaita har tsibin ya kai mita ɗaya. Gawayi a daka shi, kada ya wuce kashi 10 cikin ɗari, kuma a zuba shi cikin tsibin ya sha taki. Wanda ya zuba shi tsurarsa a lambu zai ga shuka ta yi rawaya, domin gawayin yakan fara tsotse abincinta. Toka in ta yi yawa takan sa ƙasa kanwa-kanwa. Danshi ya zama kamar matsattsen tsumma. A juya duk mako biyu, cikin wata biyu zuwa uku ya nuna.

Na huɗu, a tare ruwa. A gangare, a jera duwatsu a kwance bisa layi mai tsayi ɗaya, ruwa ya tsaya ya nutse. Layin da ya karkata yakan tara ruwa wuri guda ya ɓalle. Laka mai kauri da ke ƙasan tafkunan Feten, a arewacin Gwatemala, shaida ce ta zaizayar da ta biyo bayan sare dazuka a zamanin Maya.

Sai shuka: masara tukuna, bayan mako biyu zuwa uku a shuka wake don ya hau karanta, kabewa ta rufe ƙasa ta hana ta bushewa.