Yadda za ka fara jin Fairport Convention ba tare da ka gaji ba

Fairport Convention ƙungiyar mawaƙa ce ta Ingila. Kar ka fara da faifansu na farko, gaskiya zai ruɗe ka, lokacin matasan Landan ne kawai da suka haɗu a 1967 suna kwaikwayon mawaƙan Amurka. Tsallaka kai tsaye zuwa 1969, shekarar da suka saki faifai uku, a nan naman yake.

Fara da faifan Unhalfbricking, ka nemo waƙar "Who Knows Where the Time Goes?" ka saka iyafis da daddare bayan gida ya yi shiru, kar ka ji ta a cikin hayaniyar Keke Napep don Allah. Muryar mawaƙiyarsu Sandy Denny ba ta ihu, a hankali take shiga jiki, ita ta rubuta waƙar kuma ta rasu tun 1978 tana da shekara 31 kacal.

Sai faifan Liege & Lief, amma ka san abin da ya faru kafin shi. A watan Mayun 1969 motarsu ta yi hatsari a babbar hanyar M1, mai gangarsu Martin Lamble ya mutu yana ɗan shekara 19, suka kusa watsewa, daga baya suka koma tono tsofaffin waƙoƙin gargajiyar Ingila da Sikotilan suna ɗora musu jita mai lantarki da ganga.

To ga sirrin, ka karanta labarin waƙa kafin ka kunna ta, domin Turancin tsoho ne ko ɗan boko sai ya yi da gaske. Ɗauki "Matty Groves" da ke cikin wannan faifan, matar wani basarake ce ta ja saurayi gida, bara ya kai tsegumi, maigida ya dawo ya tarar da su, ya ce ba zai kashe mutum tsirara ba, tashi ka sa kaya, har ya ba shi takobin da ya fi kyau, duk da haka ya kashe shi, matar ta ce ita fa gawar ta fi mata shi, ita ma ya gama da ita. In ka riƙe wannan sai ka ji yadda gogen Dave Swarbrick da jitar Richard Thompson suke rige-rige a ƙarshe kamar ana sukuwa, ni wajen nan nake maimaitawa.

In ta kama ka sai ka leƙa YouTube ka kalli bikinsu na ƙauyen Cropredy, duk Agusta ake yi, da "Meet on the Ledge" suke rufewa.