Yadda Ake Gyara Da Goge Alamomin Shafi A Chrome Da Manhajar Karanta Allo

Wannan bayani ya shafi masu aiki da NVDA, wato manhajar da ke karanta abin da ke kan allo da murya, a kwamfuta mai Windows. Alamomin shafi kuwa su ne adireshin shafukan intanet da aka adana a Chrome domin a sake komawa gare su.

Da farko, a buɗe Chrome, a danna Control da Shift da harafin O lokaci guda, sai wurin ajiyar alamomin shafi ya buɗe. A riƙa danna Tab har manhajar ta ambaci jerin alamomin, sannan a bi su ɗaya bayan ɗaya da kibiyar sama da ta ƙasa. Idan kibiyoyin sun ƙi zaɓar komai, alama ce cewa NVDA tana yanayin karatu, don haka a danna Insert tare da Space domin maɓallan su koma aiki kai tsaye a cikin jerin.

Idan suna ko adireshi ake son gyarawa, a danna Shift da F10, a zaɓi umarnin gyara.

Gogewa kuwa da maɓallin Delete ake yi, amma a nan ne ya kamata a natsu, domin Chrome ba ya neman tabbaci, kuma goge folda yana tafiya da duk abin da ke cikinta. Ya fi kyau a danna Insert da Tab tukuna, a sake jin sunan abin da aka zaɓa. In an yi kuskure, Control da Z yana maido da shi nan take, muddin ba a rufe shafin ba. Wanda ya haɗa na'urorinsa da asusun Google ɗaya, kuma alamominsa suna daidaituwa a tsakaninsu, ya sani cewa abin da ya goge a kwamfuta zai ɓace a wayarsa ma.