Darasi na Bakwai: Zaman Haya a Birni Mai Tsada

A birnin da jama'a ke kwararowa cikinsa fiye da yadda ake gina gidaje, kuɗin haya ne ke fara cinye abin da mutum ya samu, tun kafin a zo kan abinci da magani da karatun yara. Masu neman ɗaki sun yi yawa, ɗakunan sun yi kaɗan, saboda haka mai gida ne ke da ta cewa, ɗan haya kuwa yakan karɓi duk sharaɗin da aka gindaya masa don tsoron kada wani ya riga shi. Wannan darasi zai nuna muku yadda ɗan haya zai kare kansa da lissafi da takarda, da kuma inda zai nufa idan gidan ya kuɓuce masa.

Mu fara da lissafi. Ma'aunin da aka fi amfani da shi a ƙasashe da yawa shi ne kada kuɗin gida ya wuce kashi 30 cikin 100 na abin da iyali ke samu. Asalinsa daga Amurka ne, inda wata doka ta 1969 ta ƙayyade hayar gidajen gwamnati a kan kashi 25, sannan aka ɗaga shi zuwa kashi 30 a 1981. Idan kuna samun 100 a wata, to haya ta tsaya a 30 ko ƙasa da haka. Gaskiya ne cewa a birni mai tsada talaka yakan biya rabin samunsa ko fiye, kuma ba da son ransa ba, amma sanin ma'aunin yana nuna wa mutum irin haɗarin da yake ciki. Ku haɗa da kuɗin wuta da na ruwa, da la'adar dillali, da kuɗin mota zuwa wurin aiki, domin sau da yawa ɗaki mai araha a bayan gari yakan fi tsada idan aka lissafa zirga-zirgar kowace rana.

Babban makamin ɗan haya shi ne rubutacciyar yarjejeniya, kuma a nan ne karatun da kuke koyo zai yi muku rana. Kada ku sa hannu ko ku dangwala yatsa a takardar da ba ku fahimta ba, ko wadda aka bar wasu gurabe a cikinta babu rubutu. Idan karatunku bai yi ƙarfi ba tukuna, babu abin kunya a ce wa mai gida a ba ku kwana ɗaya, ku kai takardar ga wanda kuka amince da shi ya karanta muku ita a fili, layi bayan layi. Ku nemi sunan mai gidan da adireshin gidan, da yawan kuɗin haya da ranar biya, da tsawon wa'adin zama, da wanda gyara ya rataya a wuyansa idan rufi ya yi yoyo ko famfo ya lalace. Ku duba musamman abin da aka rubuta game da ƙarin haya da kuma yawan kwanakin notis kafin a ce ku tashi, domin waɗannan biyun su ne suka fi jawo rigima. Bayan an sa hannu, kwafi ɗaya naku ne, kada ku bar shi a hannun dillali.

Ranar da za ku tare, ku zagaya gidan, ku ɗauki hoton duk wata tsaga a bango ko ƙofar da ta ɓalle da wayarku, don kada a ɗora muku laifin ɓarnar da kuka tarar. Duk lokacin da kuka biya kuɗi, ku karɓi rasit mai kwanan wata da sa hannu, ko ku biya ta banki don ya bar shaida. Na sha ganin mutanen kirki sun rasa haƙƙinsu saboda sun ji nauyin neman rasit daga mai gidan da suke ganin girmansa, alhali neman rasit ba rashin yarda ba ne.

Dokokin haya sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, wani lokaci ma daga birni zuwa birni. A Jamus, kuɗin ajiya da mai gida ke riƙewa saboda ɓarna ba ya wuce hayar wata 3. A Ingila, tun 2007 wajibi ne a saka wannan kuɗi a wani tsari na musamman da ke kare shi, kuma tun 2019 ba ya wuce hayar mako 5 a mafi yawan gidaje. Birnin New York kuwa yana da dokar daidaita ƙarin haya tun 1969. Abin da ya game ƙasashe da dama shi ne, mai gida ba shi da ikon canza kwado, ko yanke wuta da ruwa, ko watsa kayan ɗan haya waje da kansa, sai ya ba da notis yadda doka ta tsara, sannan kotu ta yanke hukunci. Ku tambayi ofishin kula da gidaje ko ƙungiyar 'yan haya ko lauyoyin da ke taimakon marasa ƙarfi kyauta, su gaya muku abin da dokar inda kuke ta tanada.

Idan bashin haya ya fara taruwa, shiru shi ne mafi muni. Ku je wa mai gida tun a watan farko, ku nemi a raba muku biyan kaɗan-kaɗan, a kuma rubuta abin da aka amince. Idan sammaci ya zo, ku halarci kotu da rasitanku, domin wanda bai je ba ana iya yanke hukunci a bayan idonsa.

Wanda ya rasa matsuguni ba mai kwana a bakin titi kaɗai ba ne. Har da uwar da ke rakuɓe da 'ya'yanta a ɗakin 'yar uwarta, da ma'aikacin da ke kwana a wurin aikinsa. Mafi yawansu rashin aiki ne ko ciwo ko mutuwar aure ko ƙarin haya ya kai su nan, kuma neman taimako haƙƙinsu ne, domin sashe na 25 na Sanarwar Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948 ya ambaci muhalli cikin abubuwan da kowa ya cancanta. Wanda ya shiga wannan hali ya fara adana katin shaidarsa da takardun haihuwar yara da na asibiti a wuri ɗaya, saboda su ake fara tambaya a gidajen kwana na wucin gadi da ofisoshin jin daɗin jama'a. Ya kuma rubuta sunansa a jerin masu jiran gidajen gwamnati tun da wuri, ko da layin yana da tsawo.

Akwai wuraren da suka nuna cewa matsalar tana da magani. Hukumar birnin Biyana ta ƙasar Ostiriya tana da gidajen haya kimanin 220,000 da take bai wa mazauna a farashi mai sauƙi. Finland kuma tun 2008 ta ɗauki tsarin "gida tukuna", wato a fara ba mutum ɗaki na dindindin ba tare da sharaɗin sai ya daina shaye-shaye ko ya sami aiki ba, sannan a bi shi da magani da shawara, kuma yawan masu daɗewa babu matsuguni ya ragu ƙwarai a ƙasar.

Aikin gida: ku rubuta abin da kuke samu a wata, ku fitar da kashi 30 cikin 100, ku kwatanta da abin da kuke kashewa a kan gida. A zama na gaba, duk mai yarjejeniyar haya ya zo da ita, mu nemo layin da ya yi maganar notis mu karanta shi tare.